Intanet ɗin Cikin Wasanmu Ta Raba Ni da Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan kai wa kukana bai yi mini dariya ba. Duk wanda na fara gaya wa, da ya ji kalmar wasa sai ya ce ashe ma ba wani abu ba ne. To wallahi wani abu ne, tunda ya kai ni da Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ma ga maciji.

Ni da shi muke haɗa wasan kwamfuta, irin wanda mutum yake zama shugaban al'umma, ya ɗauko ta tun zamanin kwari da baka, ya gina garuruwa, ya yi ciniki, ya yi yaƙi, yana buɗe fasaha ɗaya bayan ɗaya har ya iso zamaninmu. Shi yake rubuta manhajar, ni nake zana taswira da tsara dokoki. Wani ɗaki muke aiki a saman shagon gyaran babura, teburinmu biyu baya da baya, da fanka ɗaya wadda sai an zungure ta da sanda take juyawa.

Abin da wasanmu ya fi sauran da shi shi ne labari. Da farko taswirar duka a lulluɓe take da hazo. In an kai wa garinka na kan iyaka hari, ba za ka sani ba sai ɗan aike ya iso a ƙafa, wani lokaci ma a tare shi a hanya, kana nan kana gina kasuwa alhali rabin ƙasarka ta tafi. Daga baya jirgin ruwa ya zo, sai wayar tangaraho, sai rediyo, kowanne yana rage maka jira. Lafiya lau muke aiki har muka iso fasahar ƙarshe, wato intanet. A nan aka yi ta.

Yaya ya ce da zarar ɗan wasa ya buɗe ta, hazon duka ya yaye, ilimi ya ninka, kasuwa ta bunƙasa, kowa ya yi murna. Muka ba masu gwaji. Suna isa wurin suka fara hamma, domin babu sauran abin da yake ɓoye, wasa ya mutu. Sai na yi nawa: in ka buɗe ta, jama'arka za su ga abin da maƙwabta suke da shi su fara gunaguni, jita-jita ta tashi daga gari ɗaya ta cinye ƙasar, a yi maka bore. Anti, kin san abin da masu gwajin suka yi? Ƙin buɗe ta suka yi. Ɗaya ya ci duniya kaf da rediyo kawai, har da aiko mana godiya wai ya gane tarkon.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da yake ƙasa. Babanmu gidan burodi yake da shi. Wani ya ɗauki hoton ƙofar shagon ya yaɗa a intanet cewa ana zuba magani mai cutarwa a ƙullin. Masu bincike sun zo sun duba ba su samu komai ba, amma wa ya yaɗa wannan? Ciniki ya tsaya, ya rufe, yanzu yana zaune a gida ba ya son ko a buga ƙofa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a gidanmu ta yi. Shi kuwa Yaya, da karatunsa ya tsaya, a intanet ya koyi duk abin da ya iya, da ita yake riƙe da gidan yau.

Ranar da muka yi cacar baki ya ce ramuwar Baba nake so in yi a cikin wasa. Ni kuma na ce masa ai dole ya yabe ta tunda ita take ci da shi. Na ga yadda fuskarsa ta canza. Tun daga ranar, muna ɗaki ɗaya, bayan kujerata yana gugar tasa, amma sai dai ya turo mini saƙo in mayar masa. Mama ta lura, ta ce in mun gama gabar mu sanar da ita.

Kamfanin da zai fitar da wasan yana jiran zamanin ƙarshe kafin wata ya ƙare. Jiya Yaya ya rubuto cewa ko in karɓi nasa, ko mu watsar da komai ya tafi wani aiki da ake kiransa a nesa. Ba na son wasan ya yi ƙarya, kuma ba na son in rasa ɗan'uwana. Yaya zan yi?

Ƙanwa Mai Zanen Taswira

Ƙanwata, ban yi miki dariya ba, sai dai mai rediyon nan ya ɗan sa ni murmushi. Ban taɓa buga irin wasanku ba, amma na san rigimar 'yan'uwa, kuma na san intanet, tunda ta cikinta wasiƙarki ta same ni.

Ku biyun kuna da gaskiya, kuma kuskurenku iri ɗaya ne. Ke maciji ya sare ki, kin ga tsumma kina gudu. Shi kuma abin ya yi masa rana, ba ya son a faɗi aibinsa. Kowannenku ya ɗauki rabin labarin gidanku ya ce shi ne tarihin duniya. Masu gwaji sun riga sun yanke hukunci: nasa ya sa su barci, naki ya sa su gudu. Saboda haka batun wa zai sakar wa wani bai ma taso ba.

Ga tambayata. A gidanku, wa ya zauna ya yanke shawarar buɗe intanet? Baba ne? Babu wanda ya nemi izininsa. A aljihun mutane ta shigo. To me ya sa a wasanku shugaba ne yake danna ta in ya ga dama? Ku ƙwace wannan zaɓin daga hannunsa. Da zarar wata ƙasa ta samu, ta riƙa bin hanyoyin ciniki tana shiga garuruwa da kanta, ko ana so ko ba a so. Abin da ya rage wa ɗan wasa shi ne yadda zai zauna da ita. In ya sake ta, ilimi da ciniki su ƙaru, jita-jita ma ta ƙaru. In ya tace, a samu kwanciyar hankali amma jama'a su rage yarda da shi. In ya rufe ruf, masu basira su kwashe su koma maƙwabta.

Hazon kuma kada ku yaye shi, ku canza masa kama. Da can ɗan wasa yana jiran labari ɗaya da bai iso ba. Yanzu rahotanni su yi masa yawa a lokaci guda, wasu gaskiya wasu ƙarya, ya rasa inda zai tura rundunarsa sai ya kashe lokaci ya bincika. Ki sa gyaran ƙarya ya fi ƙaryar jinkirin tafiya, wannan ke kika fi kowa saninsa. Shi kuma ki bar shi ya sa wani ƙaramin gari mara makaranta ya fitar da gwani, domin wannan ma ya faru, a gabanki.

Amma kada ki fara da tsarin. Maganar da kika faɗa masa ta yi nauyi. Abin da kika ce yana ci da shi, da shi yake riƙe da Baba da gidanku. Shi ma ya taɓa miki ciwo, kuma ya kamata ya ji hakan daga bakinki. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ban ga alamar yana son tafiya ba. Wanda ya ƙudura tafiya ba ya tsayawa ba da zaɓi.

Kada ki tura masa wannan amsar ta waya. Gobe in kun shiga ɗakin, ki rufe kwamfutarki, ki juya kujerarki, ki kira shi Yaya, ki ba shi haƙuri da baki. Ke kika tsara wasan da ɗan aike yake zuwa a ƙafa, kin kuwa san zumunci a ƙafa yake, kuma naki nisan bai kai taku guda ba.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa wasan ya karɓu, Ya ba Baba lafiya Ya wanke masa sunansa.