Yarinyar da Inna Ta Bari a Bayan Dutse

Litinin, 4 ga Maris, 1991
An sallamo Inna daga asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye, Girkancinta, yaren ƙasarmu Girka, ma ya tafi gaba ɗaya. Sai Vlahanci take yi, yaren makiyaya da Baba ya hana mu tun muna yara. Shekarata arba'in da uku, uwata na magana ina kallon bakinta kamar baƙo.

Alhamis, 7 ga Maris
Matata ta ɗauko wata 'yar Albaniya, Sirma, cikin waɗanda suka tsallako dutse da ƙafa, don ta kula da Inna. Na ce a riƙa kulle ɗakina.

Asabar, 9 ga Maris

Inna ta yi magana, Sirma ta amsa mata! Suka yi ta zuba. Ashe ita ma Vlah ce. Can sai ta ajiye kwanon miya, ta dube ni.
"Maigida, wace ce Tana?"
Na ce ba mu da wata Tana.
"To, Inna ta ce ɗiyarta ce. Ta fari."

Lahadi, 10 ga Maris
Na je wurin Kawu Lambro, ƙanen Inna. Na so ya ce ruɗun ciwo ne. Ya juya kofin gahawa, sannan ya ba ni labari.
A 1945 su Inna sun tsallako da tumaki daga Albaniya, Tana na fama da ƙyanda, shekararta biyu. Aka bar ta hannun gwaggo a wancan ɓangaren, za a komo a ɗauke ta lokacin kaka. Kafin kaka aka rufe iyaka. Baba ya ce duk mai dangi a can, 'yan sanda ba sa barinsa ya sha ruwa, kada wanda ya sake ambatarta.
Na ce, "Kawu, shekara arba'in da shida?"
"Kai dai ka yi karatu, ka buɗe kantin magani. Da me kake tsammani aka saya maka wannan?"

Talata, 19 ga Maris
Sirma ta ce ta san wata Tana a wajen garin Përmet na Albaniya, mai tatsar awaki. Tana nawa ne a duniya?

Talata, 2 ga Afrilu
Na cike takardar fasfo, zan je Përmet. Don dai in tabbatar ba ita ba ce.
A hanya na sayi takalmin mata. Mai kanti ya tambayi lamba, ban san ta Tana ba. Na ba shi ta Inna.