Sunana a Bakin Inna

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Na sa sabon kiɗan a shirina na rediyo da yamma, wayar tasha ba ta huta ba. Shekara ashirin ina haɗa kiɗan rawa na zamani da ake kira house, daga gidajen rawar Paris har nan Lyon, ban taɓa yin wanda ya ratsa ni haka ba. André, abokin aikina, ya ce da shi za mu buɗe taron rawar da muke shiryawa ran 26.

Muryar Inna ce a ciki. Da na kai mata 'yata ta fari, Mariam, hutu, na manta wayata tana ɗaukar sauti a ɗakinta. Sai ga Inna tana yi wa yarinyar wasa, tana rerawa: "'Yar Abdourahamane, 'yar Abdourahamane." Ni ɗan fari ne. Shekara arba'in da uku ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kullum "wancan" nake, ko "na Lyon". Na yanko wurin na ɗora kan ganga, yana maimaituwa sau sittin. Na yi kuka ina haɗawa, ba wanda ya gani.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na kira Inna sau huɗu. Ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ƙanwata Amatullahi ta kira, ko gaisuwa babu. "Yaya, franchement, tsakani da Allah, kanka ɗaya kuwa?" Wai wata mai kitso a unguwar Château Rouge ta Paris ta kunna shirin, dab da shagon atamfar Inna, mata suka gane muryar. Duk wadda ta shigo sai ta yi murmushi: "Hajiya, ashe kin san sunan." Kwana uku ke nan Inna ba ta fita ba.

Na ce ai karrama ta na yi. Ta ce, "Ka yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa kana cewa karramawa."

Haushi ya ishe ni. A Paris, a wannan zamani, uwa ta faɗi sunan ɗanta ya zama abin ɓoyo!

Litinin, 14 ga Oktoba

André bai gane ba. "Mais c'est de l'amour!" in ji shi, wai ai so ne. To, so ne mana. Na fara yi masa bayani, sai na ji ina kare Inna, ni da na kwana huɗu ina faɗa da ita a raina. Ya ce in aka cire muryar, ganga kawai ta rage. Gaskiyarsa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na tarar Inna ta koma shago, tana auna atamfa. Na durƙusa na yi gaisuwa cikakkiya, ban gajarta komai ba. Ta amsa idonta kan almakashi. Na ce, "Inna, na yi kuskure."

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Amatullahi, "Gaya ma wancan, abin da na yi da jikata, ni da ita ne."

Ban taɓa ganin ta yanka atamfa a karkace ba sai yau.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na cire muryar. Jiya wuri ya cika, an yi rawa, amma da na sa kiɗan sai mutane suka tafi neman abin sha. Kamfanin da ya so buga faifan ya janye. Abin ya yi min zafi, ba zan yi ƙarya ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ana tsakiyar shiri Amatullahi ta turo saƙo: Inna na shago da ƙawayenta, sun kunna ni, ta ce a gaya ma wancan ya rage ganga.

A ƙarshe na tashi gaida Mariam, kamar kowane mako. Na buɗe baki, na tuna su wa ke saurare, sai na ji na ce, "Ina gaida mutuniyar gidanmu." André ya ɗago ya dube ni ta gilashi. Na ce masa tari ne ya sarƙe ni.