Turakun Gola a Gonar Baba

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya yaran da kake koya ma ƙwallo? Mu nan Tsamaye lahiya lau, sai kewarka.

Ranar Talata da sahe, bayan ruwan fari, munka hita shibka. Ka san turakun golarka na gehen gona. Tun da ka tahi buga ma kulob, Baba bai bari sungumi ya taɓa wurin ba. Da gwiwarka ta hana ka wasa, ya ce, "To, yanzu dai shi dawo gida." Sai munka ji an ba ka aikin koci.

To, ran Talatar nan Baba ya daɗe tsaye yana kallon turakun, sannan ya tumɓuke su da hannunshi. Ya ce mini, "Sara, Bello. Damana ba ta jiran kowa." Amma ya hana Inna ta sa su murhu, ɗakinka ya kai ya jingine.

Yaya, Baba ya fara jan ƙafa. In anka yi hutun wasa ka taho, za ni tarbo ka tashar Sabon Birni. Ka sa mu addu'a, ka gaishe da Hadiza da yara.

Kada ka ce na ƙara gishiri, gaban Kawu Garba da Jaɓɓi mai shanu anka yi.

Ƙanenka,
Bello