Igiyar Malam Ilu

Ofishin Babban Darakta,
Cibiyar Binciken Lissafi.
3 ga Jimada Ula, 1397.

Zuwa ga ma'aikacinmu Muntaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da allonka da allinka. Ina gajiyar aiki? Allah ya sa tarin nan da ƙurar alli ta sa maka ya yi sauƙi, amin.

Kada ka yi mamakin ganin takardata cikin ajami. Keken rubutun ofis ya lalace, magatakarda kuma ya tafi biki.

Na duba ayyukan cibiyarmu na bana, na ga komai yana tafiya. Laccar ranar Laraba ba ta fashi. Malaman makarantu da muke tarawa lokacin hutu sun zo sun koma. Injin nan mai cin kati mai huji-huji, wanda ka cika wa mutanen garinku Beli kunne da labarinsa ran Sallah, shi ma yana ƙoshi. Wuri ɗaya na ga gyara, wato shirinmu na tattara lissafin gargajiya.

Da kaka kai ka ja ɗalibai zuwa garinku, kuka zauna gaban Malam Ilu mai rabon gado kwana uku kuna rubutu. Da za ku tafi ka roƙi aron igiyar da yake auna gona da ita, ka ce wata biyu ka dawo da ita. Yau wata bakwai. Ko a lissafinmu na boko, bakwai ta fi biyu.

Ga dalilin gaggawa. Mijinyawa na Fulatan ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya biyu, Audu da Tasalla. Tasalla mijinta ya mutu, 'ya'yanta huɗu. Malam ya ce ba ya raba gona sai da igiyarsa. Audu kuwa bai damu a daɗe ba, domin in ruwan shuka ya sauka ba a raba ba, zai shuke gonar duka, kuma ka san ba mai tsaga gona da shuka a cikinta. Ke nan Tasalla ba ta da abin nomawa bana. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas.

Saboda haka na umarce ka ka ba direban motar Karaye igiyar nan ranar kasuwa. In ka saɓa, zan mayar da kai sashen ƙirga awaki.

Ka huta lafiya.
Ni ne shugabanka,
Babban Darakta.

Ofishin Babban Darakta.
17 ga Jimada Ula.

Zuwa ga Muntaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, ko da yake bayan abin da ka aikata ban tabbata kanka lafiya yake ba.

Igiya ta iso. An wanke ta, an naɗe ta cikin takarda, har da 'yar wasiƙarka mai cewa ɗalibai sun ga ƙulle-ƙullenta ba su daidaita ba, sun kwance su sun sake ƙullawa da ma'aunin ƙarfe, kowane tsakani daidai da ɗan'uwansa. Ka ce kyauta ce daga cibiya. An gode.

Rahoto ya zo mini cewa Malam Ilu ya ja ta cikin hannunsa daga wannan kai zuwa wancan, ya ajiye. Da azahar aka kai masa fura, aka dawo da ita yadda take.

Tun da kwana ukun da kuka yi, rubutu kuka yi ba kallo ba, bari Darakta ya koya maka. Igiyar nan kai biyu gare ta. Kan da ke da jan ƙyalle ƙullinsa kusa-kusa ne, da shi ake auna fadama. Kan da ke da baƙin ƙyalle ƙullinsa nesa-nesa ne, da shi ake auna tudu. Ƙulli ɗaya na nan daidai yake da ƙulli ɗaya na can, domin ɗan yankin fadama yana ba da abin da babban yankin tudu yake bayarwa. Ku ƙasa kuke aunawa. Shi Malam abin da za a zuba a rumbu yake aunawa.

Gonar Mijinyawa fadama ce ta gangare, tudu mai burji ta sama. Audu ya ji labarin gyaranku, ya zo da fara'arsa ya ce ai yanzu igiya ta yi ilimi, a auna masa kashinsa biyu daga gangare, kashi ɗayan Tasalla ya faɗa sama. A bakin ma'auninku hakan daidai ne. A bakin tukunyarta kuwa burji ne. Ta zo zauren Malam shekaranjiya da ƙwaryar irinta ta gero a ka, ta zauna har la'asar, ta koma da abinta.

Jiya an yi yayyafi a Rogo. Bai kai na shuka ba, na biyu zai kai.

Malam ya ce babansa ne ya ƙulla ta, shi bai taɓa auna tsakaninsu da wani abu ba, kuma idonsa yanzu ba ya ganin zare. Ban san abin da zan umarce ka ba wannan karon. Ka dai sani.

Ni ne,
Babban Darakta.

Beli, ta Rogo.
2 ga Jimada Sani.

Muntaka,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun isa lafiya, motarku ba ta sake kafewa a rafin nan ba. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rame.

Direbanku ya ba ni labarin da kai ka ɓoye. Ashe masinja ya ga an rubuta Darakta da boko a bayan ambulan ɗin takardata ta biyu, wanda na sa ɗan makaranta ya rubuta mini, sai ya kai ta teburin Daraktan gaskiya. Shi kuma ba ya karanta ajami, ya aika a kira Muntaka ya karanta masa. Wallahi da na san haka da na ƙara maganar faɗuwarka daga kan jaki. An ce da ka zo wurin da na ce kanka ba lafiya ba, ya sa ka maimaita.

Amma ban zaci zai taso da kansa ba. Na ga mutum da furfurarsa ya cire takalmi ya durƙusa a zauren Malam yana ba da haƙuri. Kuma na ga shi ya fara lura cewa inda tsohon ƙulli ya shekara hamsin, igiyar ta lanƙwashe ta yi santsi, wanki bai fitar ba. Sauran ka gani da idonka: Malam yana lalube da yatsa yana cewa nan ne, ni ina ƙullawa, kai kana riƙe da kai ɗaya kamar mai tsaron akuya.

Abin da ba ka gani ba shi ne washegari. Mun je Fulatan da hantsi, da mai unguwa da shaidu, aka auna gonar. Audu ya ce a sake, aka sake, ta fito yadda ta fito da fari. Tasalla ta sami yankinta na fadama da na tudu. Malam ya sa aka kafa duwatsu. Ranar Talata da la'asar ruwa ya sauka sosai, Laraba na wuce na gan ta da 'ya'yanta huɗu a jere, tana sara suna binnewa.

Saura magana ɗaya. Daraktanku ya tambayi wanda ya rubuta takardar, ka ce ba ka gane hannun ba, alhali allo ɗaya muka wanke ni da kai. Ya tambayi Malam, Malam ya ce ba shi ba ne, amma yana jin ƙamshin tawadarsa da aka sata. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon sama. Na ji Daraktan ya ce yana son mai takardar ya zo laccar Laraba ya yi wa ɗalibai bayanin igiya, kuma daga yau ba a gyara kayan kowa sai an tambayi mai shi.

To, ka je ka faɗa masa, ka daina rufa mini asiri. Babu ofis, babu magatakarda. A gindin ɗorawar bayan gidanmu na rubuta su duka, a kan gwiwata. In ya yafe mini aron kujerarsa, zan zo bayan noman farko. Igiyar dai ba za ta biyo ni ba, Malam ya ce ta gama karatu.

Ka tanadi tabarma, kuma kai za ka share mini allo, tun da ɗan mace bawa ne.

Ni ne ubangidanka, taubashinka,
Jibo, wanda bai wuce izu ashirin ba.