Shinkafar Yaya Ladan da Taron Fatakwal

Litinin, 4 ga Satumba

Damina uku ke nan rabona da garinmu Wara. Yau kuma an ƙara nesanta ni, ga ni a Fatakwal, wai taron shekara-shekara na masana lissafi. Jama'a cike da zaure, kowa da sunansa rataye a wuya. Cibiyarmu ta Abuja ta kama rumfa a bakin ƙofa. Darakta ya sa an buga ƙatuwar ledar talla a kan aikina, lissafin hawa da saukar ruwan Kainji, da hoton wani farin jirgi da ban taɓa ganin irinsa a ruwanmu ba. Na yi magana, ya ce ai jirgi jirgi ne.

Aikina a rumfar: rabon hula da biro.

Talata, 5 ga Satumba

Yaya Ladan ya kira ina tsakiyar rabon hula. Shinkafar da ya shuka a bakin tafki, inda ruwa ya janye da rani, tana son kamar mako biyu kafin ta ƙosa, ga ruwa ya fara dawowa. In ya yanke yanzu za ta kakkarye a inji, in ya jira ruwa na iya cinye ta. Ita ce cimar gidan ta shekara, har da Inna.

"Kai da anka ce kana lissahin ruwa, mi ruwan yac ce?"

Na ce sai na samu awon kogi na can sama, wajen Yamai, wanda cibiyarmu ke nema a rubuce tun kafin damina. Sai kawai ya ce Inna na gaishe ni. Gara ya zage ni.

An rage lokacin jawabina da rabi, an kuma mai da shi ranar ƙarshe. Wani babban baƙo ne ke son fili.

Laraba, 6 ga Satumba

Bitar da muka shirya wa ɗalibai. Majigi ya ƙi kamawa, mai gyara ya tafi cin abinci da makulli. A yi adalci dai: Darakta ya cire babbar riga ya ɗauki alli, ya koyar da yaran nan har ba wanda ya taɓa waya. Na manta cewa kafin ya koma mai jawabin buɗe taro, malami ne. Haushin ma ya ƙaru.

Yaya ya kira, ban ɗauka ba. In ce masa me?

Alhamis, 7 ga Satumba

Wata mata ta tsaya karɓar hula, ta dubi ledar ta yi dariya, ta tambaya da Hausa ko jirgin nan a kogin Kwara yake yawo. Dakta Dudu, daga Yamai, aikinta kan kogin ne. Abin da muka yi wata da watanni muna nema, ita kullum safe ake turo mata a waya. Ta ce kogi ya cika sosai a wajensu tun makon jiya, ta ba ni awon ba tare da ta ce in rubuto takarda ba.

Na shige bayan ledar da kwamfuta, na zauna a kan kwalin huluna. Halimatu, abokiyar aikina, ta riƙe rumfar. Darakta ya kawo baƙi yana neman "ɗan asalin bakin tafkin" ya nuna musu, ta ce na zaga. Ƙafata kuwa a fili take ta ƙasan ledar. Ya gani, ya ja baƙinsa suka wuce. Allah ya saka masa, ko da yake zan sha magana a Abuja.

Lissafi ya ce bakwai cikin goma ruwa zai riga shinkafar. Na kira Yaya na faɗa masa haka, na fara bayanin sauran ukun.

"Sule, ni ban san bakwai cikin goma ba. Lauje na hannuna. In yanke ko in bari?"

Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tsare ni haka. A takarda kullum akwai ƙofar gudu, mai yiwuwa, ana hasashe, sai an ƙara bincike.

Na ce, "Yaya, yanke."

Ya ce to, gobe zai kira gayya. Bai ƙara tambaya ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Liyafar cibiya da yamma. Shinkafa aka kawo, ban iya ci ba.

Juma'a, 8 ga Satumba

Na yi jawabina ga kujeru. Yawancin mutane sun kama hanyar tasha. Dakta Dudu ta zo, ta kuma kama ni da kuskure ɗaya, ban sa ruwan gulbin Sakkwato yadda ya kamata ba. Gaskiyarta. Na sake lissafin a tsaye, amsar ta ɗan motsa amma ba ta juya ba. Za mu ci gaba da musayar awo. Ko a nan kaɗai taron ya biya kansa, amma ba zan faɗa a gaban Darakta ba.

Wajen kwashe kaya Darakta ya ce a yar da ledar, tunda shekarar bana na jikinta. Na naɗe ta.

Laraba, 13 ga Satumba

Abuja. Ruwa bai iso gonar ba tukuna. Na ji maƙwabtan Yaya da ba su yanke ba suna tambayarsa lafiyar ƙanensa Dakta.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ruwa ya shiga gonar farkon makon nan, ya cinye gangaren duka, ya tsaya a tsakiya. Ke nan rabin ƙasa da ya tafi, rabin sama kuwa na sa an yanke shi ɗanye a banza. Na faɗa wa Yaya haka da bakina. Ya ce shi ma ya iya wanga lissahi, ba sai na yi mishi ba. Matsalarsa yanzu shanya, sama ba ta buɗewa kuma tamfol ɗinsa ya yage.

Na nemi hutun mako ɗaya. Ba wai zuwa gida ba ne, ledar zan kai masa ya yi shanya, ba ta aikuwa a mota ba mai ita.

Abin da ya tsira: shinkafa buhu tara, huɗu a ciki masu karaya. Leda ɗaya, mai hoton jirgin da ba namu ba. Hula biyu, ɗaya ta Yaya.