Mundayen Jan Ƙarfe

Daren Laraba, Yantala

Jikina bai daina sanyi ba tun da na baro labo, ɗakin gwaje-gwajenmu.

Furotin ɗin nan da muka gyara ba ya kama ɗan'uwansa sai an ɗiga masa jan ƙarfe, ƙarfen ya shiga tsakani ya riƙe su biyu. Yau kwalbar da ban sa wa komai ba, na auna na tarar duk sun haɗu biyu-biyu. Na sake da sabon ruwa, haka dai.

Shugabanmu Malam Isufu ya dubi hannuna ya ce, "Hasana, ko munduwarki ce ta taɓa ruwan?"

Na ce, "Malam, rabona da ita tun rasuwar Usaina."

Inna ce ta saya mana iri ɗaya, don ba a yi wa tagwaye sayayyar ɗaya a bar ɗaya. Bayan sadakar arba'in na naɗe kowace a ƙyallenta, na kulle a akwati. Makullin yana wuyana.

Ɗazu na buɗe. Ƙyalle ɗaya babu komai a ciki. A ɗayan, ga su nan a sarƙe da juna.

Ba zan kashe fitila ba.