Sunan da ban taɓa kira ba

Zuwa ga Malam,

Sallama a gare ka, Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya, na share ɗaki na sake sharewa, shi ne na ɗauko tawadarka da alƙalaminka.

Na fita, Malam, alhali ban gama takaba ba. Sai da na aika aka tambayi liman, ya ce lalura ce, in je da rana in dawo kafin magariba. Tun da sojoji suka karɓi mulki a ƙasar nan ake bin waɗanda suka gudo daga Nijar. An kwashe wasu abokanka a unguwar Nima, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu an ce duk mai izinin zama ya je ofishin baƙi a sake dubawa. Izinin namu kuwa da sunanka yake. Kai aka ba mafaka, don kai ka yi siyasa. Ni “da matarsa” kawai aka rubuta. Ashe ba tare muka keta daji ba? Ba gidan mahaifina aka ƙona ana nemanka ba?

Mma Azumi, mai sayar da wake da shinkafa a ƙofar gidanmu, ita ta raka ni. Ma'aikacin bai yi mini tsawa ba, kada in ɗauki alhakinsa. Ya nemi takardar aure. Na gaya wa tafintan ofishin cewa da goro da fatiha aka ɗaura a Tasawa, shaidun kuwa wasu suna kurkuku, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sai ma'aikacin ya ce mata da yawa na zuwa da izinin matattun da ba mazansu ba, don haka in faɗi sunan mijina da na mahaifinsa da bakina, in rantse.

Na ce Malam. Ya ce rabin mazan unguwarmu ta Maamobi Malam ne. Mma Azumi ta buɗe baki za ta taimake ni, ya ɗaga mata hannu. Tafinta ya yi masa bayanin cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ma'aikacin ya ce shi ba shi da gurbin rubuta kunya.

Ka san tun ranar da aka kai ni ɗakinka ban taɓa furta shi ba. Ko a karatu, in na zo kan annabin da ka ci sunansa, muryata takan yi ƙasa, kai kuma ka yi ta murmushi a kan buzunka. Yaya zan fara a gaban baƙo, ina cikin kayan takaba? Ina nan tsaye har aka kira matar da ke bayana.

An ce in koma ranar Litinin. In ban faɗa ba, mota ce zuwa iyaka. Wa ke jira na a can, in ba waɗanda suka kore mu ba? Kuma yaya zan bar ƙasar da aka binne ka?

Zan faɗa, Malam. Amma ban yarda wani ya riga ka ji ba. Yanzun nan na tura ƙofa, na fuskanci buzun, na kira ka.

Idrisu. Idrisu ɗan Mamman.

Bai yi mini nauyin da na zata ba. Abin da ya fi nauyi shi ne da na tsaya ina jiran ka amsa.

Allah Ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa izinin zama.

Matarka, wadda aka rubuta a bayan sunanka,
Hauwa'u